Kowa Ya Ara Ya Mayar

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in Allah ya yarda zan mayar muku da shi kafin ku ƙosa. Maganar da na ke tafe da ita ta shafi 'yan'uwanmu da a ke horarwa don su zama malaman kwamfuta, ta kuma shafe mu, mu da mu ke koya musu. Ga ta a dunƙule: bai kamata mu miƙa wa ɗalibi takardar shaida mu ce ya zama malamin kwamfuta ba, alhali bai taɓa neman wurin ajiya a cikin ƙwaƙwalwar na'urar nan da hannunsa ba, watau ya auna, ya ara, ya yi aikinsa, sa'an nan ya mayar. Na san akwai masu cewa wannan tsohon yayi ne. To, ku dakata tukuna in ba ku labarin abin da ya same ni, in ya so ku yi hukunci daga baya.

Shekarun baya ina koyarwa a wata makaranta a nan yankinmu, sai na ga irin wahalar da malamai su ke sha wajen haɗa sakamakon jarrabawa in zango ya ƙare. Na ce bari in taimaka. Na zauna na rubuta 'yar manhaja da harshen C, wanda na ɗan taɓa koyo, don ta riƙa ajiye sunan kowane yaro da makinsa. Kafin in ci gaba, sai in gaya wa wanda bai sani ba, ƙwaƙwalwar kwamfuta ba kome ba ce illa dogon jeri na 'yan ƙananan gurabe, kowane gurbi da lambarsa, kamar rumfunan kasuwa. Gurbi guda shi a ke kira bayit, harafin boko guda kuwa bayit guda ya ke ci. Sai na yi wa kowane yaro ƙunshi, watau wuri guda mai ɗaki biyu manne da juna, na farko na suna, na biyu na maki. Da na zo ɗakin suna na ɗan yi tunani, na ce ai gurbi 20 ya ishi kowa. Mai gajeren suna 20, mai dogon suna 20, na wuce abina.

Abu ya yi ta tafiya daidai har zango biyu, ana ta sa mini albarka. Ran nan sai ga wani dattijo ya zo ofis, ya ce an ɓata sunan ɗansa a takarda, an rubuta masa D marar lanƙwasa, alhali kuwa da Ɗ mai lanƙwasa sunan ya ke farawa. Na ce, "Baba, gaskiyarka, yanzu kuwa za a gyara." Na gyara a gabansa, ya yi godiya ya tafi. Da aka buga sakamako, yaron nan da ya ke cikin na gaba-gaba a ajinsu sai ga shi can ƙarshe, makinsa sifiri. Ya sha faɗa a gida, har an fara maganar ya maimaita aji. Allah ya taimake shi, malamin ajinsu bai yar da takardun hannu ba. Ya fito da su, aka ga ashe yaro 78 ya ci. Kowa ya juyo ya dube ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba, don har akwai wanda ya fara zaton da gangan na yi.

Kwana uku ina bincike kafin in gano. Sunan yaron da na mahaifinsa, har da ɗan filin da ke tsakaninsu, haruffa 19 ne. Harshen C kuwa ba ya rubuta tsawon kalma ya ajiye, sai dai ya ɗora sifiri a bayan harafin ƙarshe, alamar nan magana ta tsaya. Ka ga 19 da 1 sun cika 20 cif. To, a tsarin da duniya ta fi amfani da shi wajen ajiye rubutu, wanda a ke kira UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, kowannensu bayit 2 ya ke ci. Da na sa Ɗ sai kaya suka zama 21 a ɗakin da ke ɗaukar 20. Na ƙarshensu, watau sifirin nan, ya tsallake katanga ya faɗa gurbin farko na ɗakin maki, ya shafe 78. Na'urar ba ta ce uffan ba. Abin da na umurce ta shi ta yi.

Laifin wane ne? Nawa ne, ba na musu. Amma ni ma haka na taso. Na haddace ma'anar ƙwaƙwalwar kwamfuta da ire-irenta, na zuba a jarrabawa na ci, ban taɓa zana guraben nan a allo na ƙirga su ba. Abin da na ke tsoro ke nan, kada mu bar na bayanmu su fita yadda na fita.

Maganin wannan ciwo shi ne a daina yanka wa kowa riga ɗaya, a jira sai suna ya zo, a auna shi, sa'an nan a nemi wuri daidai da shi. Wannan shi ne aron wuri a lokacin aiki, mu mutanen Nguru da Gashuwa kuwa ba sai an je nesa an nemo mana misalinsa ba. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu, fatake suna shigowa ta ko'ina, daga Gashuwa da Gaidam da Machina har da ƙasar Nijar. Falke in ya iso ba ya gina ɗaki, wurin fatoma ya ke sauka. Fatoma bai san ko mutum nawa za su zo gobe ba, bai kuma san yawan kayan kowa ba. Sai falke ya iso ya ce, "Buhu goma gare ni," sa'an nan fatoma ya duba ɗakunansa, ya nuna masa wanda zai ɗauke su, ya ba shi mabuɗi. Ran tafiya falke ya mayar da mabuɗi, a ba wani.

Haka kwamfuta ta ke. Wurin ajiyar da manhaja ta fi aiki da shi iri biyu ne. Akwai wanda ya yi kama da shimfiɗar ɗan koli a kasuwa: in an shiga wani ɗan aiki a shimfiɗa, in an gama a naɗe, ba sai ka ce kome ba. Wannan yana da sauƙi, amma kayan da ka baza a kai ba su kwana, aikin na ƙarewa sun tafi. Akwai kuma babban gida mai ɗakuna, wanda na ke kira gidan fatoma. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Bell Labs ta Amurka wajen 1972, sunan fatoman malloc. Ka ce masa bayit kaza ka ke so, ya nemo maka, ya ba ka lambar gurbin farko. Abin da ka ke riƙe lambar nan a ciki shi a ke kira manuni, shi ne mabuɗinka. In ka gama ka kira free, ka miƙa masa manunin, wuri ya koma hannun fatoma. Kayan da ke wannan gida suna nan har ran da ka ce a kwashe, ko da aikin da ya kawo su ya daɗe da ƙarewa. Daɗin abin ke nan, nauyinsa kuma ke nan.

Zaman gidan fatoma yana da ladubba huɗu.

Na farko, ka auna kafin ka nema. Akwai ma'auni a C mai suna strlen, ya kan ƙirga maka bayit nawa ke cikin kalma, amma ba ya sa sifirin ƙarshe a lissafi, kai za ka ƙara 1. Nguru haruffa 5, wuri 6 ta ke so. Gashuwa haruffa 7, wuri 8. Ƙaro haruffa 4 ne a ido, amma bayit 5, da sifiri 6. Saboda haka a ke rubuta malloc(strlen(suna) + 1), ɗayan nan kuwa ya jefa masu koyo da yawa a rami. Abin da ya sa ya ke da wuyar kamawa shi ne fatoman nan ya kan yi gyara irin ta masu awo: ka nemi 5 ya ba ka fiye da haka, don ya fi son ya yanka wuri takwas-takwas ko goma sha shida-shida. Sai mutum ya yi ta wuce iyaka da gurbi guda wata da watanni ba abin da ya faru, har ran da sunan da ya cika awo cif zai zo. Ran nan babu gyara. Haka kuma in ƙunshi za ka nema wa wuri, kada ka ƙirga da ka. Ƙunshin da ke da harafi guda da lamba guda, kai za ka ce 1 da 4 ai 5 ne, amma a yawancin kwamfutoci 8 ya ke ci, don a kan bar gurabe 3 fanko a tsakani saboda lamba ta zauna inda na'ura ta fi saurin ɗaukarta. Ma'aunin ƙunshi sunansa sizeof. Shi za ka tambaya.

Na biyu, ka duba abin da aka miƙo maka. Wata rana gidan fatoma ya kan cika. In ya cika malloc ba ya ihu, sai ya miƙo maka manuni fanko, wanda a ke kira NULL, watau babu wuri. Wanda bai duba ba, ya ɗauki kaya ya nufi ɗakin da babu shi, manhajarsa ta tsaya cak. Ko ka sami ɗaki ma kada ka ɗauka an share maka shi, tarkacen baƙon jiya yana nan ciki. In shararre ka ke so sai ka nemi ƙanensa calloc. In kuma kaya sun ƙaru kana son a faɗaɗa maka, akwai realloc, amma ka sani in babu fili a gefenka wani ɗaki zai sake maka ɗungum, tsohon mabuɗi ya zama banza.

Na uku, kada kayanka su wuce bakin ƙofarka. Wannan shi ne ya ci ni. Mutanen Gashuwa ba sai an yi musu bayanin ambaliya ba. In kogin Yobe ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a daminar 2022, ba ya tambaya ko gonar wa ke gabansa. Harshen C bai yi wa kowa jinga ba, in ka zuba 21 a wurin 20, na ɗayan zai kwanta a kan kayan maƙwabci. Kada kuma a ce sai irina ɗan koyo ke wannan kuskure. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare asirin saƙonni a wurare masu ɗimbin yawa a intanet, aka sa wa ɓarakar suna Heartbleed. Ga yadda ta ke: baƙo ya aiko da 'yar kalma, ya ce a maido masa da ita, ya kuma faɗi tsawonta da bakinsa. Manhajar ba ta auna ba, ta yarda da maganarsa. Sai ɓarawo ya ba da ajiyar bayit guda, ya ce nasa ya kai dubu 64, a kwaso masa nasa a haɗa da na maƙwabta, har da kalmomin sirrin mutane. Fatoman da zai yi haka a Nguru ai ba zai ga wata kasuwar ba.

Na huɗu, ka mayar, sau ɗaya tak, sa'an nan ka manta da hanyar ɗakin. Wanda ya ara bai mayar ba, ɗakin yana nan a kulle, ba ya ciki, ba a kuma ba wani ba. In ya yar da mabuɗin ma shi ke nan, ba mai buɗewa har manhajar ta tashi daga aiki. Wannan shi a ke kira yoyo. A babbar kwamfuta mai bayit biliyan 8 yoyo ya kan daɗe bai nuna ba. Amma ɗauki ɗan allon nan Arduino Uno, wanda ɗalibai ke koyon haɗa na'urori da shi: wurin aikinsa duka-duka bayit 2,048 ne. A ce ɗalibinka ya haɗa shi don ya riƙa lura da famfon ban ruwa a fadama, manhajarsa tana aron bayit 16 kowane minti ba ta mayarwa. Yi lissafi da kanka, minti 128 ne iyakarta, ko da ba a ci wurin da wani abu ba. Manomi ya tafi kasuwa da sakin jiki, na'ura ta sandare tun da hantsi, tumatir ya wuni da ƙishirwa.

Wanda kuma ya mayar amma ya riƙe wani mabuɗin, ya dawo da dare ya buɗe, ɗakin wani ya shiga. Ko ya ɗebi kayan wani yana zaton nasa ne, ko ya zuba nasa a kan na wani. Wanda ya mayar sau biyu kuwa ya rikita littafin fatoma, sai a wayi gari an ba mutum biyu ɗaki ɗaya. A 2019 an sami irin wannan mayarwa biyu a sashen da ke buɗe hotuna masu motsi a WhatsApp na wayoyin Android, har ta kai mugu zai iya kutsawa wayar mutum ta hanyar aiko masa hoto, kafin aka toshe.

Ga inda ɗalibai su ke yawan tuntuɓe. In ka gyara ƙunshin yaro yadda ya kamata, abin da ke ciki manunin suna ne, sunan kansa yana wani wuri. Watau aro biyu ka yi, ɗaki na ƙunshi da sito na suna, mabuɗin siton kuwa yana rataye a cikin ɗaki. Ran tafiya wanne za ka fara mayarwa? Sito. In ka fara da ɗaki, mabuɗin sito ya tafi da shi, in ka koma ɗaukowa ka shiga ɗakin da ba naka ba. Aji mai yara 60 aro 120 ke nan, mayarwa 120, na ciki kafin na waje. Ɗalibin da ya gane wannan ya ci rabin karatun.

To, yanzu bari in saurari masu ja da ni, don suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba.

Na farkonsu ya ce, "Malam, kai da bakinka ka nuna harshen nan rami ne. Don me za mu kai yara bakinsa?" Ya ƙara da cewa a 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakokin tsaro da ya ke toshewa kowace shekara daga kuskuren wurin ajiya su ke. A 2020 masu kula da Chrome na Google suka faɗi kusan haka game da manyan ɓarakokinsu, wajen rabinsu kuwa komawa ɗakin da aka riga aka mayar ne. A watan Fabrairu na 2024 ma wani ofishi na fadar shugaban Amurka ya fitar da takarda yana kira a koma ga harsunan da ke tsare wurin ajiya da kansu. Duk gaskiya ne. Harsuna irin su Python da Java suna da mai shara, wanda ke bi yana karɓo ɗakunan da ba mai amfani da su, dabarar da John McCarthy ya fito da ita wajen 1959 don harshen Lisp. Ni ma yau in aka ce in sake rubuta manhajar sakamakon nan, da Python zan rubuta in huta.

Amma ku lura, a kan malami na ke magana. Mai neman ya gama aiki ya tashi ya ɗauki abin da ya fi masa sauƙi, ban hana shi ba. Shi mai sharan nan, wa ya haife shi? Python ɗin da a ke yawan amfani da ita, da C aka rubuta cikinta. Linux, wadda ita ce ƙashin bayan wayoyin Android da ke aljihunmu, mafi yawanta C ce. Fatoma yana nan bai mutu ba, labule kawai aka sa masa. Harshen Rust kuwa, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 2015, wanda a ke yabo saboda tsaro har aka fara shigar da shi cikin Linux a ƙarshen 2022, ba shi da mai shara. Abin da ya yi shi ne ya mai da ladubban nan doka: kowane kaya da mai shi guda, wanda ya ara ba zai riƙe ba bayan mai shi ya tashi, in ka saɓa ya ƙi karɓar rubutunka tun kafin manhajar ta fara aiki. Wanda bai taɓa ɓatar da mabuɗi ba, zai ga dokokin nan takura ce kawai marar dalili. Ran da yaro mai kaifin hankali zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa wayata ke nauyi in na buɗe abubuwa da yawa?" ko kuwa, "Malam, a ina sunan nan ya ke zaune a cikin na'ura?" me malamin zai ce? Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Na biyunsu ya ce, "Ina wutar, ina kwamfutocin?" Wannan kuka na san shi, ni ma na yi shi. Amma cikin dukkan darussan kwamfuta ban san wanda ya fi wannan rashin bukatar wuta ba. Ga yadda na ke yi. In zana gurabe 64 a allo, layi 8 sau 8, in sa musu lamba daga 0 zuwa 63. In naɗa ɗalibi guda fatoma, in ba shi littafi da alli. Mutum takwas su zama fatake, kowa da sunan gari a 'yar takarda, su zo bi da bi: Nguru, Jajimaji, Gashuwa, Dagona, Gogaram, Yusufari, Machina, Karasuwa. Kowa ya auna nasa ya nema, fatoma ya shata masa, ya rubuta masa lambar gurbin farko a tafin hannu. In kowa ya auna daidai, sunayen nan takwas su kan cika allon cif. Wanda ya manta da sifiri aji ne ke kama shi, don kowa na gani kayansa sun hau na wani. Can sai in sallami Nguru da Gashuwa da Gogaram, in turo Damaturu. Sai ka ga fatoma ya tsaya yana sosa kai. Guraben da ke fanko sun kai 22, Damaturu 9 kawai ta ke so, amma ba inda 9 su ke jere wuri guda. Nan take aji ya gane yadda wuri ke gutsuttsurewa, abin da na yi shekara ina karantawa ban gane ba. Gani ya kori ji.

Ran da aka sami wuta sai a je ga na'ura. Tsohuwar kwamfuta ma ta isa, gcc mai juya rubutun C zuwa harshen na'ura kyauta ne, haka Valgrind mai bin sawun aro, wanda ke gaya maka bayit nawa ka ara ba ka mayar ba. Masu sanin abin kuma ba su yi mana nisa ba. A Gashuwa kaɗai ga Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013.

Na ukunsu, ɗan zamani, ya ce ai yanzu na'ura ce ke rubuta manhaja, ka gaya mata abin da ka ke so ta zubo maka. Haka ne, ta kan zubo. Amma ita ma ta kan yi kuskure, kuskuren wurin ajiya kuwa kun ga ba ya ihu. Wa zai duba? Wanda bai san tubali ba, ba ya gane katangar da za ta faɗi.

Saboda haka ga roƙona ga shugabannin sassan kwamfuta a makarantunmu na horon malamai. A ware wa darasin nan ko da mako huɗu ne, a fara da alli kafin a taɓa na'ura. A jarrabawa a rage tambayar ma'anar kaza, a ba ɗalibi layi goma na manhaja a ce ya zana gurabe, ya nuna wa ya ara, wa ya mayar, ina yoyo. A yi misalai da sunayenmu, masu ɓ da ɗ da ƙ, don littattafan da aka rubuta a Ingila da Amurka da sunayensu su ke misali, ba za su nuna mana ramin da ke ƙofar gidanmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A ƙarshe a koya musu sanin inda ba a aro sam. A 2006 Gerard Holzmann na hukumar NASA ya tsara dokoki goma ga masu rubuta manhajar da rayuka suka rataya a kanta, ɗaya daga ciki ta hana aron wuri da zarar manhaja ta gama shiri ta fara aiki. Ɗalibinmu mai famfon fadama wannan doka ta fi dacewa da shi: ya yanka wurinsa tun farko, amma ya sa mai gadi a ƙofa, ya auna duk abin da zai shiga. Ka ga wannan zaɓi ba ya yiwuwa sai ga wanda ya san hanyoyin biyu.

Yaron nan da na ba ku labari ya wuce ajinsa lafiya, amma har yau in na gamu da mahaifinsa a kasuwa sai in ji nauyi. Dattijon bai san bayit ba, bai san manuni ba. Abin da ya sani shi ne ya ba mu amanar sunan ɗansa da ƙoƙarinsa, muka kusa salwantar da ɗaya garin gyara ɗaya. Malaman da mu ke yayewa bana su ne za su yaye masu rubuta manhajar asibitocinmu da makarantunmu da wuraren ajiyar kuɗinmu. In muka bar su ba su san awo da aro da mayarwa ba, wani dattijon zai sake zuwa wani ofis, wataƙila kuwa ran nan babu takardun hannu da za a fito da su.

Ga hankalinku nan na mayar. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin. Wassalam.